Binciken Lalube a Kimiyyar Zamantakewa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙa'ida da Sahihanci

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai masu rubuta kundin digiri, da malaman da ke duba musu aiki, da masu karanta rahoton bincike domin yanke shawara suka fi yawan yi game da irin binciken nan da ake shiga ba tare da hasashe a hannu ba.

Mene ne binciken lalube, kuma me ya bambanta shi da sauran bincike?

Binciken lalube shi ne wanda mai bincike ke shiga al'amarin da ba a san shi sosai ba, ko wanda aka sani amma ake zargin fahimtar da ake yi masa ta tsufa, da niyyar gano abin da ke cikinsa, da yadda mutanen da abin ya shafa suke kallonsa, da kuma tambayoyin da suka cancanci a yi a kansa. Abin da yake fitarwa a ƙarshe shi ne bayani mai zurfi, da rabe-rabe, da hasashen da wani zai iya ɗauka ya gwada. Binciken tabbatarwa kuwa yana farawa ne da hasashe a rubuce, ya tsara yadda za a auna shi, sannan ya tattara bayanan da za su gaskata shi ko su ƙaryata shi.

John Tukey, masanin ƙididdiga na jami'ar Princeton da ke Amurka, wanda ya wallafa littafi sukutum a kan lalube cikin alƙaluma a 1977, ya kwatanta aikin farko da na jami'in da ke bin sawun mai laifi, na biyu kuma da na alƙali. Jami'in yana bin kowace alama, yana canza wanda yake zargi sau da yawa, kuma babu wanda zai ga laifinsa don ya canza. Alƙali ba shi da wannan damar, domin tuhuma ɗaya aka kawo gabansa. Kotu ba za ta zauna ba in jami'in bai yi aikinsa ba, amma kuma zargin jami'in ba hukunci ba ne.

In babu hasashe tun farko, ta ina ƙa'ida za ta shigo?

Wannan ita ce tambayar da sauran duka suka rataya a kanta. Masu suka sukan ce, wanda bai faɗi abin da yake nema ba tun farko, duk abin da ya tsinta zai ce shi ya fito nema, don haka babu ta yadda za a kama shi da kuskure. Sukar tana da nauyi, kuma bai dace a kawar da ita da fushi ba. Amsarta ita ce, damar da mai lalube yake da ita ta canza tambaya a tsakiyar aiki, da ƙara waɗanda zai yi hira da su, da watsar da rabe-raben da ya fara da su, bashi ce da ya ci, kuma dole ya biya. Yana biya ne da rubuta kowace shawara da ya yanke tare da ranarta da dalilinta, yadda wani zai iya bin sawunsa daga bayanan farko har zuwa abin da ya kammala da shi. Yana biya da fita neman abin da zai rushe fahimtarsa da gangan. Yana kuma biya da hana da'awarsa ta fi hujjarsa girma.

Barney Glaser da Anselm Strauss sun yi nazarin yadda ake mutuwa a asibitocin yankin San Francisco, inda suka lura cewa mu'amalar likitoci da ma'aikatan jinya da dangi da majiyyaci tana sauyawa gwargwadon wanda ya san cewa ajali ya kusa da wanda aka ɓoye wa. Sun wallafa wannan a 1965, sannan a 1967 suka fitar da bayanin hanyar da suka bi, wadda ake kira gina ra'i (wato bayanin da ke fassara yadda abu ke faruwa) daga tushen bayanai. Tsarin nasu yana da wahala ƙwarai. Kowane sabon bayani ana kwatanta shi da waɗanda suka gabace shi, ana rubuta tunanin da ya zo a takardar tunatarwa nan take, kuma ra'in da ke tasowa shi ke nuna inda za a je a nemo bayani na gaba. Wanda ya yi hira da mutum goma ya tsamo maganganu masu daɗin ji ya jera su ƙarƙashin kanun da ya ga dama, sannan ya ce ya bi wannan hanya, ya ari sunanta ne kawai.

Akwai misalin aikin lalube da aka yi da tsanaki har ya tsaya da ƙafarsa?

Akwai, kuma wanda na fi ba ɗalibai shawarar su duba shi ne nazarin Marienthal, wani ƙauye kusa da Biyana a ƙasar Ostiriya. Masaƙar da kusan dukan ƙauyen ya dogara da ita ta rufe a tsakanin 1929 da 1930, aka wayi gari kusan kashi uku cikin huɗu na iyalai ba su da mai aiki. Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel, tare da abokan aikinsu, sun yi bincike a can daga ƙarshen 1931, suka wallafa sakamakon a 1933. A lokacin mutane da yawa sun ɗauka cewa zaman banza na tsawon lokaci zai tunzura ma'aikata su yi bore, kuma babu wani ma'auni a shirye da za a auna abin da rashin aiki ke yi wa gari guda.

Saboda haka sai suka ƙirƙiri ma'aunansu. Sun shiga gidaje ta hanyar rabon tufafi da duba marasa lafiya kyauta, domin sun yanke cewa babu ɗayansu da zai zauna a ƙauyen a matsayin ɗan kallo. Sun sa iyalai sun rubuta abin da suka ci kowace rana, sun sa mutane sun cike takardar yadda suka yi da awanninsu, sun karanta insha'in da yara suka rubuta a makaranta kan abin da suke fata, sun duba rajistar ɗakin karatu suka ga aron littattafai ya ragu ƙwarai duk da cewa lokaci ya yi wa kowa yawa. Har ma wani daga cikinsu ya tsaya a ɓoye da agogo a hannu yana auna saurin tafiyar mutane a babban titin ƙauyen. Ya ga maza suna tafe suna tsayawa, su ɗan taka su sake tsayawa, alhali mata, waɗanda aikin gida bai bar su ba, suna wucewa da sauri. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai isa hujja shi kaɗai. Da aka haɗa su sai duk suka nuna wuri ɗaya, wato rashin aiki ya kashe wa mutane jiki, ya wargaza musu tsarin lokaci, ya sa sun janye daga harkokin jama'a har da siyasa. Wannan duba abu ɗaya ta fuskoki da dama shi ne Norman Denzin ya zo ya tsara bayaninsa a 1970, inda ya ce ana iya bambanta tushen bayanai, ko masu binciken, ko ra'in da ake dubawa da shi, ko hanyar tattarawar.

Me ake nufi da sahihanci a irin wannan bincike?

A binciken gwaji, bisa rabon da Donald Campbell da Julian Stanley suka yaɗa a 1963, ana tambaya biyu: shin abin da aka ce shi ne sababi, shi ne ya haddasa sakamakon da gaske, kuma shin sakamakon zai tabbata a wasu wurare da wasu mutane? Binciken lalube ba kasafai yake da'awar sababi irin wannan ba, don haka auna shi da wannan mudu kaɗai rashin adalci ne.

A 1985 Yvonna Lincoln da Egon Guba suka kawo ma'aunai huɗu da suka fi dacewa da shi. Na farko, ko bayanin ya yi daidai da rayuwar da aka ce an nazarta har ya cancanci a gaskata shi. Na biyu, ko an siffanta wurin da mutanen sosai yadda mai karatu zai iya yanke wa kansa hukunci kan ko abin ya shafi nasa wurin. Na uku, ko an ajiye tarihin aikin yadda wani zai bincika matakan da aka bi. Na huɗu, ko za a iya mayar da kowane sakamako zuwa ga bayanan da suka haife shi maimakon son ran mai binciken. Ma'aunan suna da amfani, sai dai na sha ganin an jera su a kundi kamar addu'ar da aka haddace, kowanne da jimla ɗaya a gabansa, ba tare da an nuna abin da aka aikata ba. Faɗin cewa an daɗe a fagen bincike ba ya nufin komai sai an ce wata nawa, tare da su wa, kuma wace ƙofa ce ta kasance a rufe har aka tashi.

Yaya mai bincike zai kare kansa daga ganin abin da yake son gani?

Hanya mafi ƙarfi ita ce farautar abin da ya saɓa. Donald Cressey ya nuna yadda ake yin haka a nazarinsa na mutanen da aka ɗaure saboda cin amanar kuɗin da aka damƙa musu, wanda ya wallafa a 1953 bayan doguwar hira da fursunoni a gidajen yari na Amurka, ciki har da na Joliet a jihar Illinois. Da farko ya yi hasashen cewa suna cin amana ne saboda sun ɗauki abin a matsayin ɗan karya ƙa'idar ofis da bai kai laifi ba. Fursunonin suka gaya masa cewa sun san laifi ne tun daga rana ta farko, sai ya jefar da hasashen. Ya koma cewa matsananciyar buƙata ce ke tura su. Sai ya gamu da waɗanda suka ce sun taɓa shiga matsin da ya fi wannan tsanani amma ba su taɓa kuɗin ba. Ya sake jefarwa. Haka ya yi ta gyarawa har ya tsaya a kan cewa abin yana faruwa ne idan abu uku suka haɗu: mutum yana da matsalar kuɗi da yake jin ba zai iya gaya wa kowa ba, ya san cewa muƙaminsa zai ba shi damar magance ta a ɓoye, kuma ya samo wa kansa uzuri, kamar ya ce aro ne zai mayar.

Abin lura shi ne Cressey ya rubuta hasashen da suka faɗi, da abin da ya kayar da kowanne. Mai karatu yana ganin inda fahimtar ta yi tuntuɓe da inda ta miƙe, kuma wannan ne ya sa ake iya amincewa da ita. Duk da haka aikin yana da iyaka da masu suka suka nuna: waɗanda suka aikata kaɗai ya nazarta, bai nazarci waɗanda abubuwan nan uku suka haɗu musu amma suka riƙe amana ba. Don haka bayaninsa ya fi ƙarfi wajen nuna abin da ake samu a wurin masu laifin, ya fi rauni wajen hasashen wanda zai aikata nan gaba.

A aikace, duk lokacin da fahimta ta fara zaunawa, mai bincike ya tambayi kansa wane irin mutum ne zai ƙaryata ta, sannan ya tashi ya nemo shi. Wanda ke nazarin dalilin da ke sa ma'aikata barin aiki, kuma ya fara gamsuwa cewa ƙarancin albashi ne, ya nemi wanda ake biya da kyau amma ya tafi, da wanda ake biya kaɗan amma ya zauna.

Mutum nawa ya kamata a yi hira da su?

Babu adadi ɗaya da ya dace da kowane aiki. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ci gaba har bayanai su ƙoshi, wato har a kai inda sabuwar hira ba ta ƙara wani sabon abu ga rabe-raben da ake ginawa. A 2006 Greg Guest da abokan aikinsa biyu sun auna wannan da hirarraki 60 da aka yi da mata a ƙasashe biyu na Afirka ta Yamma, suka ga cewa kusan dukan jigogin sun bayyana a cikin 12 na farko. Tun daga lokacin ake ta kafa hujja da wannan 12, ana mantawa cewa matan suna kama da juna ta fuskar abin da ake nazari, tambayoyin iri ɗaya ne, kuma manufar aikin ƙunƙuntacciya ce. Wanda ke nazarin al'umma mai ɓangarori da yawa ba zai fake da wannan adadi ba. Akwai kuma ƙoshin ƙarya, wanda ke zuwa idan kowane wanda aka yi hira da shi ya tura mai bincike wurin abokinsa, aka yi ta zagayawa cikin da'ira ɗaya ana jin magana ɗaya.

Yawa ma ba ya wanke zaɓi mara kyau. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, ta sami amsa fiye da miliyan 2, ta yi hasashen cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Jerin sunayen da aka yi amfani da su sun karkata ga masu hali, kuma waɗanda suka damu su amsa ba su wakilci waɗanda suka yi shiru ba.

Za a iya ɗora sakamakon binciken lalube a kan sauran jama'a?

Ta fuskar adadi, a'a. Wanda ya yi hira da mutum 20 da ya zaɓa da gangan, 14 suka faɗi abu ɗaya, ba shi da ikon cewa kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan mutane haka suke gani. Abin da zai iya ɗauka ya kai wani wuri shi ne fahimtar yadda abu ke aiki, wato wane yanayi ne ke haifar da wane hali, kuma ta wace hanya. Robert Stebbins, a ɗan littafinsa na 2001 kan wannan fanni, ya ce ƙarfin lalube yana zuwa ne idan aka sarƙa bincike da bincike, kowanne a wani wuri dabam, har abin da ya tsaya a ko'ina ya bambanta da abin da ya keɓanta da wuri ɗaya.

In masu bincike biyu suka je wuri ɗaya suka dawo da labari dabam, wa za a gaskata?

Hakan ya taɓa faruwa. Robert Redfield ya zauna a Tepoztlán, wani gari a Meziko, ya wallafa littafi a 1930 yana siffanta jama'a masu haɗin kai da zaman lafiya. Oscar Lewis ya je garin a shekarun 1940, ya wallafa nasa a 1951, ya kawo zargin juna, da rikicin gona, da talauci, da gaba. Shekarun da ke tsakani sun bayyana wani ɓangare na bambancin, amma babban ɓangaren ya fito ne daga abin da kowannensu ya je yana kallo: ɗaya ya fi mai da hankali ga bukukuwa da abin da ke haɗa mutane, ɗaya ga tattalin arziki da abin da ke raba su.

Ba na ganin wannan ya rushe darajar irin wannan bincike. Abin da ya nuna shi ne mai binciken da kansa yana cikin kayan awo, don haka wajibi ne ya bayyana ra'in da ya shiga da shi, da waɗanda ya fi zama da su, da harshen da aka yi magana da shi, da ko ta bakin tafinta ya ji. Da an san waɗannan, mai karatu zai iya ajiye rahotannin biyu gefe da gefe ya gane inda kowanne ya tsaya ya hango garin. Wajen rarraba bayanai ma ana iya rage matsalar ta hanyar ba mutum biyu rubutacciyar hira ɗaya kowa ya rarraba nasa, sannan a auna daidaituwarsu, kuma akwai ma'aunin da Jacob Cohen ya fitar a 1960 wanda ke cire daidaituwar da dace kawai zai iya kawowa.

Zaman mai bincike a cikin mutane ba ya canza halinsu?

Yana canzawa. William Foote Whyte ya zauna shekaru fiye da uku daga 1937 a wata unguwar 'yan asalin Italiya a birnin Boston, ya wallafa nazarinsa na samarin bakin titi a 1943. A bugu na biyu, na 1955, ya ƙara dogon rataye inda ya ba da labarin yadda aikin ya gudana, har da abin da bai yi masa kyau ba. Ya faɗi cewa jagoransa a unguwar, wanda ya sakaya da sunan Doc, ya gaya masa cewa tun da suka haɗu ya daina yin abu kai tsaye kamar da, sai ya tsaya ya yi tunanin yadda zai bayyana masa shi. Ya kuma amsa cewa ya bi samarin ya jefa ƙuri'a fiye da sau ɗaya a wani zaɓe, abin da ya yi nadamarsa. Ratayen nan ya ƙara wa littafin daraja, domin ya ba mai karatu abin da zai auna sauran shafukan da shi. Daɗewa a wuri tana rage tasirin baƙunta, amma tana kawo nata haɗarin, wato mai bincike ya saba har ya daina ganin abin da baƙo zai gani.

Da hira da zama cikin mutane kaɗai ake binciken lalube?

A'a, ana yin sa da alƙaluma, kuma a nan ne haɗarin ya fi ɓuya. Mai bincike na iya ɗaukar tarin bayanan ƙidaya ko na jin ra'ayi ya yi ta juya su, yana zana jadawali, yana duba abin da ke tafiya tare da wani. Wannan halal ne, kuma ta haka aka gano abubuwa da yawa. Matsalar tana cikin lissafi mai sauƙi. A bisa al'ada ana karɓar sakamako idan yiwuwar samun irinsa ta hanyar dace, alhali babu wata alaƙa ta gaskiya, ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Wanda ya gwada alaƙa 20 masu zaman kansu, kuma babu ko ɗaya ta gaskiya a cikinsu, yana da yiwuwar kusan kashi 64 cikin 100 ta samun aƙalla ɗaya da za ta tsallake wannan shinge. In ya ba da rahoton wannan ɗayar ya ɓoye 19, ya yaudari mai karatu ko da kowane lissafi nasa daidai ne.

Maganin da aka sani shi ne a faɗi adadin abubuwan da aka gwada, kuma in bayanan suna da yawa a raba su biyu tun kafin a fara, a yi lalube a kashi ɗaya, a kulle ɗayan har sai hasashe ya fito a rubuce, sannan a gwada shi a can sau ɗaya tak.

Wane kuskure ne ya fi ɓata sunan binciken lalube?

Sanya masa rigar binciken tabbatarwa. A 1998 Norbert Kerr ya yi rubutu a kan ɗabi'ar ƙirƙiro hasashe bayan an ga sakamako, sannan a rubuta shi a gabatarwa kamar da shi aka fara. A 2011 Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn suka nuna cewa in mai bincike ya haɗa wasu 'yan dabaru da ake ganin ba komai ba ne, kamar ƙara mutane in sakamako bai fito ba, ko zaɓar ma'auni ɗaya cikin biyu bayan an duba, yiwuwar samun sakamakon ƙarya na iya tashi daga kashi 5 zuwa fiye da 60 cikin 100. A 2015 kuma wata babbar tawaga ta maimaita nazari 100 da aka buga a manyan mujallu uku na ilimin halayyar ɗan'adam. Cikin na asali 97 sun ba da sakamako mai tsallake shingen ƙididdiga, amma a maimaicin kimanin kashi 36 cikin 100 ne suka tsallake, kuma ƙarfin tasirin ya ragu zuwa kusan rabi.

Dalilan wannan suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu shi ne lalube ne aka yi aka sayar da shi da sunan tabbaci. Laifin ba na ɗalibi ko ƙaramin mai bincike kaɗai ba ne. Muddin mujallu da kwamitocin jarrabawa suna raina aikin da ya fito fili ya ce lalube ne, suna tilasta wa kowane kundi ya zo da hasashe a babi na ɗaya ko da fagen sabo ne fil, to suna koya wa mutane su ɓoye hanyar da suka bi.

Rajistar shirin bincike tun kafin a fara ba ta kashe lalube ba?

Ba ta kashe shi ba. Rajistar ita ce mai bincike ya rubuta hasashensa da hanyar da zai bi, ya ajiye su a fili kafin ya tattara bayanai, kuma amfaninta shi ne ja layi tsakanin abin da aka yi niyya da abin da aka tsinta a hanya. Mujallar Cortex ta fara karɓar rahotanni a 2013 bisa tsarin da ake tantance tambaya da hanyar bincike kafin a tattara bayanai, kuma ko a wannan tsari an yarda marubuci ya ƙara abin da ya gano daga baya, da sharaɗin ya ware masa sashe ya kira shi da sunansa.

Binciken lalube da gwajin share fage abu ɗaya ne?

Sun bambanta. Gwajin share fage ƙaramin kwafi ne na babban aikin da aka riga aka tsara, ana yin sa don a ga ko mutane sun fahimci takardar tambayoyi, ko za a samu masu amsawa, ko lokaci zai isa. Binciken lalube yana zuwa kafin a san ma tambayoyin da za a sa a takardar, kuma yana iya zama cikakken aiki mai cin gashin kansa.

Shin dole ne a koma wa waɗanda aka yi hira da su a nuna musu sakamako?

Yana da kyau ƙwarai, domin sukan gyara kuskuren fahimta da na fassara, kuma haƙƙinsu ne su san abin da aka yi da maganarsu. Sai dai amincewarsu ba ita ce hatimin gaskiya ba, ƙin amincewarsu ma ba ya nufin an yi kuskure. Mutum na iya ƙin bayanin da ya fallasa abin da ba ya son a sani, wani kuma na iya amincewa saboda kara. Abin da ya dace shi ne a ɗauki martaninsu a matsayin ƙarin bayani, a rubuta inda suka saɓa da dalilinsu.

Nan ma akwai batun amana. Tun da mai lalube bai san inda hira za ta kai shi ba, izinin da aka ba shi a ranar farko ba lallai ya rufe abin da ya ji a wata na uku ba. In aikin ya juya zuwa wani al'amari mai haɗari ga masu magana, sai a sake neman izini, kuma a tuna cewa a ƙaramar al'umma canza suna kaɗai ba ya ɓoye mutum.

Me mai karatu ko mai duba kundi zai nema a rahoton binciken lalube?

Ya fara da babin hanyar bincike, ya duba ko an faɗi tambayar da aka fara da ita da wadda aka ƙare da ita, da lokacin da aka canza, da abin da ya jawo canjin. Ya duba yadda aka zaɓi mutane, da waɗanda aka nema suka ƙi, da waɗanda ba a kai gare su ba sam. In an yi hira da wani harshe aka rubuta rahoto da wani, ya nemi sanin wanda ya fassara da yadda aka bi da kalmomin da ba su da takwara. Daga nan ya shiga sakamakon ya ga ko maganganun da aka kawo sun fito daga bakuna da yawa ko daga mutum biyu masu iya magana, kuma ko akwai wuri ko ɗaya da marubucin ya kawo abin da bai dace da fahimtarsa ba ya tattauna shi. In aikin na alƙaluma ne, ya nemi adadin alaƙoƙin da aka gwada gaba ɗaya.

Sannan ya kwatanta kalmomin babin sakamako da na babin kammalawa, domin a tsakaninsu ne da'awa takan kumbura. Sau da yawa abin da aka rubuta a babi na huɗu da cewa wasu daga cikin waɗanda aka yi hira da su sun danganta abu kaza da kaza, yakan koma a babi na biyar ya zama bincike ya tabbatar da cewa kaza ne ke haddasa kaza. In mai dubawa ya ga haka, ya mayar da kundin a gyara jimlar, a kuma ƙara sakin layi da zai faɗi hasashen da aikin ya haifar, da irin bayanan da za a tattara a gwada shi, da sakamakon da in aka same shi za a ce hasashen ya faɗi.